Sunderland: Garin da Ya Rasa Jiragen Ruwa da Kwal Cikin Shekara Biyar

Sunderland gari ne a arewa maso gabashin Ingila, a daidai inda kogin Wear yake zubawa cikin Tekun Arewa, kimanin kilomita 20 daga Newcastle. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanensa sun kusa 275,000. Mai bin gasar Firimiya ta hanyar ƙwallo ya san sunan, amma lamarin da za a bi a nan na neman abinci ne. Tsakanin Disamba 1988 da Disamba 1993 garin ya rasa sana'o'i biyun da suka ciyar da shi tun kaka da kakanni, wato ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal. Abin da aka gwada kafin faɗuwar da bayanta, da yadda ƙungiyar ƙwallon garin ta sha irin wannan ɗacin, shi ne ke tafe.

Kafin 1950: Kogi, kwal da ƙwallo

Rubutaccen tarihi ya nuna ana ƙera jirgi a bakin Wear tun 1346. Kwal ne ya haɓaka sana'ar. Ana haƙo shi a yankin Durham, ana neman jiragen da za su kai shi Landan, sai maƙeru suka cika gaɓar kogin. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ana kiran Sunderland garin da ya fi ko'ina ƙera jiragen ruwa a duniya. A yaƙin duniya na biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jiragen dakon kayan da Birtaniya ta ƙera daga wannan kogin suka fito. Masu maƙerun kuwa, irin su Doxford da Laing da Thompson da Pickersgill, iyalai ne na yankin. Mai gidan aiki da ma'aikacinsa 'yan gari ɗaya ne, ko da ba sa cin tuwo a kwano ɗaya.

Wear kogi ne siriri. Ranar da za a tura sabon jirgi ruwa, sai an ɗaura masa tarin manyan sarƙoƙi su riƙa jan ƙasa suna rage masa gudu, don kada ya je ya daki ɗaya gaɓar. Unguwannin ma'aikata suna manne da maƙerun. Mutum ya fito ƙofar gida sai ya ga gangar jikin jirgi ta tokare ƙarshen layi, ta ɗara rufin gidaje tsawo. Yaro na barin makaranta sai ya shiga koyon aiki, walda ko kafinta ko aikin inji, galibi a inda ubansa yake.

A gaɓar arewa akwai mahaƙar Wearmouth, wadda ta fara fitar da kwal a 1835, daga baya ramukanta suka miƙe kilomitoci a ƙarƙashin teku. Ban da waɗannan akwai masana'antun gilashi, da kamfanin giya na Vaux da ke tsakiyar gari tun ƙarni na 19.

Wasu malaman makaranta ne suka kafa ƙungiyar ƙwallon garin a 1879. Ta ɗauki kofin babbar gasar Ingila sau 6, a 1892, 1893, 1895, 1902, 1913 da 1936. A 1933 mutum 75,118 suka cika filin Roker Park a wasa ɗaya da Derby County. Yawancin masu kallon ƙungiyar a wancan zamani maƙera ne da mahaƙa, waɗanda suke tashi daga aiki ranar Asabar da rana su zarce fili a ƙafa.

1956–1977: Ciwo ya kunno kai

A 1956 Japan ta zarce Birtaniya wajen ƙera jiragen ruwa, sannan Koriya ta Kudu ta biyo baya. Su suna aiki a sababbin wurare masu faɗi, suna haɗa jirgi gunduwa-gunduwa, gwamnatocinsu na tallafa musu da rance mai sauƙi. Duniya kuma ta koma son manyan tankokin mai, waɗanda sirantar Wear ba ta iya ɗaukar mafi girmansu. Maƙerar Short Brothers ta rufe a 1964, wasu suka haɗe don su tsira.

Garin bai naɗe hannu ba. Kamfanin Austin & Pickersgill ya fito da wani jirgin dakon kaya mai suna SD14, mai sauƙin ƙira da arha, wanda aka tura na farkonsa ruwa a 1967. An ƙera 211 irinsa, a Sunderland da kuma wasu ƙasashe irin su Girka da Brazil bisa lasisi. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina wata rufaffiyar maƙera a Pallion, inda ake haɗa jirgi a ƙarƙashin rufi, ruwa da iska ba sa tsayar da aiki. Sai dai tashin farashin mai na 1973 ya sa masu jirage a duniya suka daina ba da oda, maƙeru suka yi yawa, aiki ya yi kaɗan.

A wannan shekarar ce ƙungiyar ƙwallon, tana rukuni na biyu, ta doke Leeds United da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley. Ian Porterfield ya ci, mai tsaron gida Jim Montgomery ya hana a farke. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukar wani babban kofi ba.

1977–1988: Gwamnati ta karɓi maƙerun

Magani na farko shi ne mayar da sana'ar hannun hukuma. A 1977 gwamnatin jam'iyyar Labour ta haɗa maƙerun ƙasar a ƙarƙashin kamfani ɗaya, British Shipbuilders, tana cike giɓin asara. Wannan ya sayi lokaci, bai kawo masu saye ba. Da Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979 sai alƙibla ta juya. A tsakiyar shekarun 1980 aka sayar wa 'yan kasuwa maƙerun jiragen yaƙi, waɗanda su ne masu riba, aka bar na jiragen kasuwanci da asararsu. Na Sunderland duk na kasuwanci ne.

A 1986 aka tattara abin da ya rage a Wear a ƙarƙashin sunan North East Shipbuilders. Fatan da ya rage shi ne wata kwangila daga Denmark ta ƙananan jiragen fito fiye da 20. Kwangilar ta rushe a tsakiyar aiki. An yi ta maganar cewa Cuba za ta ba da odar jiragen kaya, an kuma nemi mai sayen kamfanin, ma'aikata da 'yan gari suka yi gangami. Ranar 7 ga Disamba 1988 minista Tony Newton ya sanar da majalisa cewa za a rufe. Sama da mutum 2,000 suka rasa aiki kai tsaye, ban da masu kawo kaya da masu shagunan da ke ci daga albashinsu.

Akwai wani sharaɗi da mutanen garin ba su manta ba har yau. Hukumar Tarayyar Turai ta amince gwamnati ta kashe kuɗin tallafi a yankin, bisa sharaɗin ba za a sake ƙera jirgi a waɗannan maƙerun ba na tsawon wasu shekaru. Maƙerun da aka rufe kuwa suna cikin mafi zamani a Turai a lokacin.

1984–1993: Yajin aiki, Nissan, da rufe rami

A Maris 1984 mahaƙan kwal na ƙasar suka shiga yajin aiki don hana rufe mahaƙu. Shekara guda suka yi ba albashi, suka koma aiki a Maris 1985 ba tare da sun sami biyan buƙata ba. Rashin aikin yi a Sunderland a wannan tsakanin ya kai kusan kashi 20 cikin 100.

Magani na biyu shi ne kawo sabuwar masana'anta. Wata guda kafin fara yajin, a Fabrairu 1984, kamfanin Nissan na Japan ya sa hannu da gwamnatin Birtaniya kan kafa masana'antar motoci. Dalilinsa a fili yake: ƙasashen Turai suna taƙaita shigo da motocin Japan, don haka gara ya ƙera su a cikin kasuwar. Sunderland ta ba shi tsohon filin jirgin saman Usworth, kusan eka 800, a farashin gona. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, yana bakin babban titin A19, ga tasoshin jiragen ruwa a kusa, ga dubban mutanen da suka saba da aikin ƙarfe suna zaune ba aiki. Gwamnati ta ƙara da tallafi. Kamfanin kuma ya kafa sharaɗin ƙungiyar ƙwadago ɗaya tak zai yi hulɗa da ita, saɓanin maƙerun jirgi inda kowace sana'a take da tata ƙungiyar. Motar farko, Bluebird, ta fito a Yuli 1986, Thatcher ta buɗe masana'antar a Satumba. Motoci kimanin 5,000 aka ƙera a wannan shekarar.

Kamfanin ya fi ɗaukar matasa waɗanda zai horar yadda yake so. Mai walda ɗan shekara 50 da ya fito daga maƙera, gwiwa ta gaji, kunne ya yi nauyi saboda ƙarar guduma, ba shi ake nema ba. Da yawa irinsa suka koma karɓar tallafin marasa lafiya, sunayensu suka fita daga lissafin marasa aiki ba don sun sami aiki ba.

Ranar 10 ga Disamba 1993 aka yi aiki na ƙarshe a Wearmouth. Ita ce mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a yankin Durham baki ɗaya.

1992–1999: Sake gina bakin kogi

Magani na uku shi ne a share kangayen masana'antu a yi wani abu a kansu. Gwamnati ta kafa hukumar raya Tyne da Wear a 1987 don wannan aikin. A 1992 aka ba Sunderland matsayin birni, kwalejin fasaharta ta zama jami'a, aka gina mata sabon matsuguni a St Peter's, a kan filin tsohuwar maƙera. Kusa da ita aka buɗe Cibiyar Gilashi ta Ƙasa a 1998. A kudancin gari kuma aka kafa rukunin ofisoshi na Doxford International, inda bankuna da kamfanonin sadarwa suka zuba cibiyoyin amsa kiran waya. Dubban mutane sun sami aiki a nan, mata da yawa a cikinsu, amma albashin bai kai na maƙera ba.

Babban abin da ya tashi a wannan zangon shi ne filin wasa. Shugaban ƙungiyar, Bob Murray, ɗan yankin, ya bar Roker Park ya gina Stadium of Light a daidai inda mahaƙar Wearmouth take. An buɗe shi a Yuli 1997 da kujeru 42,000, daga baya aka kai su kusan 49,000. A wajen filin an kafa ƙatuwar fitilar mahaƙa, an kuma ajiye wata ƙafar ƙarfe irin wadda take jan kejin da ke saukar da mutane rami. Tsohon mahaƙi yakan kama hannun jikansa ranar wasa, su taka ƙasar da ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashinta. A kakar 1999/2000 Kevin Phillips ya zura ƙwallo 30 a Firimiya, ya karɓi takalmin zinare na Turai, ƙungiyar ta ƙare ta 7.

1999–2016: Motoci na fita, tsakiyar gari na zaman kango

A Yuli 1999 aka rufe kamfanin Vaux, mutum kimanin 700 suka rasa aiki. Filinsa shi ne mafi daraja a tsakiyar gari, yana kallon kogi. Kamfanin Tesco ya saya don gina babban kanti, majalisar birnin tana son ofisoshi, aka yi ta ja-in-ja har 2011 kafin majalisar ta saye shi. Ginin farko bai kammalu ba sai 2019, bayan ɗan kwangilar, Carillion, ya durƙushe a 2018 ana tsaka da aiki. Shekara 20 ke nan zuciyar birni tana zaune fayau. Masana'antar gilashin Pyrex ma ta rufe a 2007.

A gefen gari kuwa Nissan tana bunƙasa. Motar Qashqai da aka fara ƙerawa a ƙarshen 2006 ta karɓu ƙwarai. Rikicin tattalin arzikin duniya ya sa an sallami mutum 1,200 a Janairu 2009, amma aka farfaɗo. A 2012 masana'antar ta fitar da motoci sama da 500,000, mafi yawansu zuwa ƙasashen waje, a 2013 ta fara ƙera Leaf mai lantarki. Ma'aikatanta sun kai 6,000 zuwa 7,000, ga wasu dubbai a kamfanonin da suke kawo mata kujeru da sauran kayan haɗi.

Sai dai ma'aikacin Nissan a mota yake zuwa, ta babban titi, sau da yawa daga wani garin. In ya tashi ba ya bi ta kasuwar Sunderland. Ma'aikacin maƙera kuwa a ƙafa yake tafiya, albashinsa a shagunan unguwa yake ƙarewa.

Ƙungiyar ƙwallon ta faɗo daga Firimiya a 2003 da maki 19, ta sake faɗowa a 2006 da maki 15. Ta koma a 2007, sannan attajirin Amurka Ellis Short ya mallake ta. Hanyarsa ita ce sayen 'yan wasan da suka riga suka yi suna. A 2010 aka sayi Asamoah Gyan na Ghana kan fam miliyan 13, kuɗi mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa biya zuwa lokacin. Ya yi wasa tare da John Mensah da Sulley Muntari, amma kaka ɗaya kawai ya cika, ya tafi ƙungiyar Al Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Satumba 2011. Daga Disamba 2011 zuwa Mayu 2017 koci 6 suka riƙe ƙungiyar. Kusan kowace shekara sai ta tsallake rijiya da baya, a kori koci, sabo ya zo da nasa 'yan wasan, na da kuma suna zaune suna karɓar albashi. Bashi ya haura fam miliyan 100.

2016–2018: Ƙasan rami

Ranar 23 ga Yuni 2016 kashi 61 cikin 100 na masu ƙuri'a a Sunderland suka zaɓi Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai. Sakamakonsu yana cikin na farko da aka sanar a daren, shi ya sa duniya ta ji sunan garin. Mutane da yawa a waje sun yi mamakin yadda garin da motocinsa suke tafiya Turai zai yi haka. Wanda ya san tarihin 1988, ya kuma ga tsakiyar garin, mamakinsa ba zai kai haka ba.

Nissan ta nemi tabbaci, gwamnati ta rubuta mata wasiƙar alƙawarin tallafi har fam miliyan 80. Duk da haka a Fabrairu 2019 ta janye shirin ƙera X-Trail a Sunderland.

Ƙungiyar kuma ta ƙare ta ƙarshe a Firimiya a 2017, ta sake ƙarewa ta ƙarshe a rukuni na biyu a 2018. Short ya yafe bashin da yake bi ya sayar da ita. Ma'aikatan ofis da na fili, masu ƙaramin albashi, su aka fara sallama.

2018–2025: Farfaɗowa

Kaka 4 ƙungiyar ta yi a rukuni na uku. Ranar 26 ga Disamba 2018 mutum 46,039 suka shiga kallon wasanta da Bradford City, adadin da wasu ƙungiyoyin Firimiya ba sa samu. A wannan kakar matashi Josh Maja, wanda daga baya ya buga wa Najeriya, ya ci ƙwallo 15 kafin a sayar da shi Bordeaux a Janairu 2019, aka kashe miliyoyi kan wanda zai maye gurbinsa, bai ci ƙwallon kirki ba. Charlton ta hana su hawa a minti na ƙarshe a Wembley.

A Fabrairu 2021 Kyril Louis-Dreyfus, ɗan shekara 23, ya zama shugaba. An canza tsari: a rungumi yaran makarantar horarwar ƙungiyar, wadda aka buɗe tun 2003 kuma ta fitar da Jordan Henderson da Jordan Pickford, a sayi matasa da arha, a sayar da tsada, a mayar da ribar cikin ƙungiya. Koci zai iya tafiya, tsarin yana nan. A Mayu 2022 ta doke Wycombe da ci 2 da nema ta koma rukuni na biyu. Ranar 24 ga Mayu 2025, ƙarƙashin koci Régis Le Bris, ta doke Sheffield United da ci 2 da 1, Tom Watson ɗan makarantarta ya ci ta biyun a ƙarin lokaci. Bayan shekara 8 ta koma Firimiya. Jobe Bellingham da ta ɗauko daga Birmingham a 2023 ya tafi Dortmund kan kuɗin da ya ninka abin da ta biya sau da yawa.

A ɓangaren gari, yarjejeniyar ciniki ta Disamba 2020 ta bar motoci suna shiga Turai ba haraji, bisa wasu sharuɗɗa. A Yuli 2021 Nissan da kamfanin batir na Envision AESC da majalisar birnin suka sanar da jarin fam biliyan 1 na motocin lantarki. Majalisar ta mayar da hedikwatarta filin Vaux a 2021, gidaje da ofisoshi suna tashi a wurin, a 2025 kuma aka buɗe gadar ƙafa da ta haɗa tsakiyar gari da filin wasa.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Jami'ar ta dogara da kuɗin ɗaliban waje, 'yan Najeriya da yawa a cikinsu, sai dokar Janairu 2024 da ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu ta haɗu da faɗuwar naira. Ta kuma sanar za ta rufe Cibiyar Gilashi a 2026 saboda kuɗin gyaran ginin ya fi ƙarfinta. Ranar 2 ga Agusta 2024 tarzomar ƙin baƙi ta ɓarke a tsakiyar gari, aka ƙona wani ofishin ba da shawara ga jama'a, aka yi cincirindo kusa da wani masallaci. Da gari ya waye mazauna suka fito da tsintsiya suna shara. Motocin da Nissan ta ƙera a 2024 ba su kai 300,000 ba, a Mayu 2025 kuma uwar kamfanin ta sanar za ta rufe masana'antu 7 ta rage ma'aikata 20,000 a duniya.

Hukunci

Karɓar maƙerun da gwamnati ta yi bai yi aiki ba, don ya biya asara ne kawai ba tare da ya samo kasuwa ba. Amma ban yarda cewa rufe su ƙurmus a 1988, har da haramta sake buɗewa, shi ne kaɗai mafita ba. Jamus da Italiya da Finland sun riƙe wani ɓangare na sana'ar ta hanyar komawa jiragen da ke buƙatar ƙwarewa, irin na yawon buɗe ido. Ƙwarewar da aka tara a Wear cikin shekara 600 ta watse cikin 'yan shekaru, kuma irin wannan ba a sayo ta a kasuwa.

Kawo Nissan ya yi aiki, kuma dalilin nasararsa shi ne an ɗora shi a kan abin da garin yake da shi: hannayen da suka san ƙarfe, tashar jirgi, da fili. Da ba don shi ba, da wuya a ce me zai rage. Aibinsa biyu ne. Ya ciyar da yankin amma bai raya tsakiyar garin ba, sannan wuƙa da nama suna Yokohama, hedikwatar kamfanin a Japan. Zanen aro ba ya rufe katara. Ma'aikacin Sunderland zai iya fin kowa ƙwazo, a rufe masa masana'anta saboda asarar da aka yi a Amurka ko China.

Babban kuskuren cikin gida shi ne filin Vaux. An yi ta gina ayyuka a bakin titi ana barin zuciyar gari, sai bayan 2011 majalisar ta karɓi filin ta fara abin da ya kamata a fara tun 1999. Matasan da suka taso cikin waɗannan shekarun suka ga garinsu kango, da yawa sun tafi Newcastle da Leeds da Landan.

Ƙungiyar ƙwallon ta gwada kuɗin attajiri da sayen suna, ta ƙare a rukuni na uku. Ta tashi ne da ta koma ga yaran da take rainowa da kuma tsarin da ba ya rushewa in mutum ɗaya ya tafi. Ita ma mai ita baƙo ne, kuma Firimiya na cin kuɗi fiye da yadda sayar da matasa zai iya biya kullum. Abin da take da shi wanda Nissan ba ta da shi shi ne mutum 46,039 da suka biya kuɗinsu don kallon wasan rukuni na uku cikin sanyin Disamba. Ba mai iya ɗauke su zuwa wata ƙasa. Ma'aikata kimanin 6,000 da ke Usworth kuwa, makomarsu tana rataye da yawan motocin lantarki da Turawa za su saya nan da 'yan shekaru, da kuma shawarar da shugabannin kamfanin za su yanke a Japan.